Farin Labule a Ɗakin Yara

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, wasu ko watansu ba zan iya kawowa ba, amma ban taɓa mantawa da ranar da Sista Rakiya ta sa aka kewaye gadon wani yaro da farin labule ba. Ina ba da labarin ne saboda ƙannenmu da ake turawa ƙaro ilimi yanzu, da kuma waɗanda ake bari su riƙe ɗaki kafin su dawo.

Abin ya faru ne a tsakiyar shekarun 1970, a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Gumel, lokacin muna cikin Jihar Kano. Ni sitaf nas ce a lokacin. Ga wanda ba ɗan aikin ba, sitaf nas ita ce wadda ta gama makarantar jinya ta sami shaidar aiki, kuma ita ke kula da marasa lafiya a sa'o'in da aka ba ta. Sama da ita akwai sista, wadda ɗakin gaba ɗaya yake wuyanta, ko tana nan ko ba ta nan. Sama da sista kuma akwai babban jami'in jinya. Namu shi ne Malam Garba, dattijon da ya fara aiki tun zamanin En'e.

Sista Rakiya ba ta daɗe da dawowa daga Ingila ba. An tura ta kwas ne kan shugabancin ɗakin marasa lafiya, a wani shiri na musayar ma'aikata: tamu ta je can ta zauna a asibitin yara na wasu watanni, tasu kuma ta zo Kano tana zagaya asibitoci. Sharaɗin tafiyar shi ne, wanda ya je, in ya dawo, zai koyar da na ƙasa da shi. Saboda haka kowace Laraba bayan azahar mukan jawo benci zuwa gindin bishiyar maina da ke bayan ɗakinmu, ta yi mana darasi.

Mun zaci za ta dawo mana da sababbin dokoki da Turanci ta hanci. Malam Garba ma har ya sa mata suna 'Yar Sarauniya. Amma babban abin da ta dawo da shi tambaya ce. Kafin tafiyarta, in an zo miƙa aiki da safe, ita ke magana, mu namu "to, Sista." Bayan ta dawo sai ta riƙa tsayawa a gindin kowane gado ta dubi mai aiki ta ce, "Me kika gani?" Ba zafin jiki take nufi ba, wannan an riga an auna an rubuta. Tana nufin abin da idonki ya kama wanda ba a tanadar masa gurbi a takarda ba. Da fari tambayar ta dame mu, domin ba a saba tambayarmu ba.

A cikin bazarar wannan shekara, lokacin da ƙyanda ta cika mana gadaje, aka kawo wani yaro daga wata ruga tsakanin Ɗanzomo da Sule Tankarkar. Bai daɗe da cika shekara ba, ba a yaye shi ba. Ƙyandar ta sake shi, amma ta bar masa gudawa da gyambo a baki. Idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, in ka ja fatar cikinsa sai ta tsaya yadda ka bar ta. Mata biyu ne suka kawo shi. Tsohuwar ce ke goye da shi, yarinyar tana biye da ƙwarya da tabarma.

Na dubi yarinyar na ce, "Ke ce uwar? Yaya sunansa?"

Ta sunkuyar da kai, ta juya fuska wajen bango.

Tsohuwar ta ce, "Haba 'yar nan, ɗan farinta ne fa. Ni za ki tambaya. Sunansa Sale, mijina ne, taurin kai gare shi kamar ubansa. Ita kuma Hansatu."

Wannan tsohuwa ita ce kakar yaron, uwar ubansa. Inna muke ce mata. Ban yi mamakin shirun Hansatu ba. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle a gaban surukarta. A rugage kuwa abin ya fi tsanani. Hansatu takan ba shi nono in Inna ta miƙo mata shi, ta lulluɓe shi da mayafi, fuskarta na kallon wani wuri. Da ya saki sai ta mayar.

Likita ya sa masa ƙarin ruwa, jijiyar ta kumbura, aka sake wani wurin, nan ma haka. Aka zura masa roba ta hanci, ya fizge ta, jini ya ɗan fito, Inna ta rantse in aka sake za ta ɗauke jikanta ta tafi. Abin da ya rage shi ne a ba shi ta baki: dafaffen ruwa da ɗan gishiri da sukari, da nonon uwarsa da aka tatsa a kofi, cokali bayan cokali, ba a tsayawa. Likita ya faɗa mana a fili cewa in yaron bai sha ba, ba zai kai ba.

Sale kuwa ya ƙi sha. In na kai cokali ya datse baki. In Inna ta kai ya furzar, tana yi masa tsiya tana cewa, "Kai dai ba ka iya riƙon mata ba, ina ba ka kana tofar mini." Tana faɗa tana dariya. Hansatu tana zaune a kan tabarma a ƙasan gado, ta ba su baya.

Ranar Alhamis da safe muka zo gadonsa, Sista ta ce, "Sitaf, me kika gani?"

Na ce, "Bai sha abin kirki ba, Sista."

"Wannan na karanta. Me kika gani?"

Sai na tuna wani abu da ban ɗauke shi a bakin komai ba. Jiya da azahar Inna ta fita alwala, matan gadajen kusa kuma sun tafi karɓar abinci. Ina can wajen kabad ɗin magani na hango Hansatu ta miƙe da sauri, ta ɗora yaron a cinyarta, ta ɗauki cokali. Ya buɗe baki ya haɗiye. Ta sake, ya haɗiye. Da ta ji takun Inna sai ta ajiye shi ta koma tabarmarta kamar ba ita ba.

Sista ta ce, "Ashe ba ruwan ya ƙi ba."

Na ce, "A'a. Hannun yake zaɓa."

Muka duba abin da za mu iya. Korar Inna ba za ta yiwu ba, da jikanta za ta tafi. Ko da ta yarda ta fita, ɗakin a buɗe yake, gadaje a jere, kuma akwai matan ƙauyukan da suka san su Hansatu, waɗanda za su kai labari gida cewa ga wadda ta rungume ɗan farinta a bainar jama'a. Ba mu da ɗakin keɓewa.

Sista ta ce, "A asibitin da na zauna, in uwa tana son ta kaɗaita da ɗanta, labule ake ja musu. Turo sikirin."

Sikirin wani labule ne na farin yadi a jikin ƙarfe mai ninki uku, da ƙananan tayoyi. Biyu muke da su. A asibitinmu kuwa, tun kafin a ɗauke ni aiki, ba a turo shi sai in mutum yana gargara ko ya cika. Kowannensu yana da taya ɗaya mai wata ƙara, kuma duk wadda ta taɓa jinya a wurin ta san wannan ƙara. Ni na san haka, Sista ma ta sani. Amma a wannan safiya hankalinmu duka yana kan cokali.

Na turo shi na kewaye gadon. Sista ta durƙusa kusa da Hansatu ta ce mata a hankali, "Ƙanwata, ba mai ganinki yanzu. Mu ma fita za mu yi. Ga kofi, ga cokali." Muka fito muka ja ninkin ƙarshe.

Inna tana bakin famfo tana wanke zanen yaron. Ba mu kai ga zuwa wurinta ba wata mata a baranda ta ɗora hannu a ka ta fara salati, na kusa da ita suka ɗauka. Kafin mu fito daga ɗakin, wata ta riga ta je ta kama Inna tana ce mata sai haƙuri. Wani ɗan rugarsu da ya zo dubiya bai tsaya tambayar kowa ba, ya nufi tasha. Ranar kasuwar Maigatari ce, motoci na ta tafiya, kuma Ja'e, uban yaron, yana can ya kai shanu.

Malam Garba ya iso da saurinsa, ya ce, "Sista, wa ya rasu ba a sanar da ni ba?"

"Ba wanda ya rasu, Malam. Yaron sha yake yi."

"To me labule yake yi a can?"

Ta yi masa bayani a taƙaice. Ya girgiza kai ya ce, "'Yar Sarauniya, nan ba Ingila ba ce. Labulen nan magana ɗaya mutanenmu suka san yana yi. Dubi can." Muka duba. Mata biyu sun fara ɗaure kayansu, za su fita da 'ya'yansu daga ɗakin da mutuwa ta shiga, kuma yaran ba su warke ba. Ya ce, "A janye shi yanzu."

Sista ta ce, "Gaskiyarka, Malam. Ni na ce a turo shi, kuma ban fara gaya wa mutane ba. Wannan nawa ne. Amma in aka janye yanzu, uwar za ta ajiye cokali, yaron kuma zai rufe baki. Ina roƙon ka bar mini shi zuwa la'asar."

"Matan nan fa?"

Maimakon ta amsa, sai ta juyo gare ni, a gaban Malam Garba, ta ce, "Sitaf, ke kika gano abin. Yaya za mu yi?"

Ba a taɓa tambayata shawara a gaban babba ba. Na ce, "Inna ce kaɗai za su yarda da maganarta. A bar ta ta gani da idonta, amma kada Hansatu ta san ana ganinta."

Sista ta ce, "Je ki."

Na sami Inna zaune a ƙasa a baranda, jiƙaƙƙen zanen yana hannunta, ko kuka ba ta yi. Na ce, "Inna, taso ki ga mijinki. Amma ki cire takalmi, kuma kada ki yi tari." Ta dube ni kamar na zautu, amma ta biyo ni. A inda ninki biyu na labulen suka haɗu akwai 'yar kafa. Na nuna mata, ta kai ido.

Ni ma ina gani ta samanta. Hansatu ta hau gadon ta miƙe ƙafa, ta kwantar da Sale a ƙirjinta. Ta yar da mayafin. Tana ba shi cokali, tana goge masa gefen baki da yatsa, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Ban san me take faɗa ba. Shi kuma ya kama ɗan kunnenta ya riƙe, yana haɗiya. Tana kallon fuskarsa kamar ranar ta fara ganinsa.

Inna ta daɗe a wurin. Da ta ɗago, ta ja ni gefe ta ce, "'Yar nan, ni ban ga komai ba. Ke ma ba ki ga na gani ba."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta goge ido da jiƙaƙƙen zanen, ta ce, "Nawa na farin, ba uban wannan ba, wanda ya riga shi. Kwanansa kaɗan yana ciwo. Har aka ɗauke shi ban taɓa duban fuskarsa na ƙoshi ba."

Daga nan ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa a bakin labulen, ta zauna ta ba shi baya. Ta ɗaga murya ta ce wa matan da suka taru a ƙofa, "Wa ya ce muku na zama bazawara? Mijina yana ciki yana cin abincinsa. Kowa ta koma kan nata. Wadda ta leƙo, ni da ita ne."

Wasu suka yi dariya, amma matan nan biyu ba su kwance kayansu ba. Malam Garba ya dube su, ya dubi Sista, ya ce, "Ina ɗaya labulen?" Ya tura shi da kansa zuwa baranda, tayar tana ƙara, ya kewaye kujerarsa, ya shiga ya zauna. Muna jin sa yana fasa goro. Ya ce daga ciki, "Jama'a, ga ni nan a bayan labule. Duk mai gaisuwa ta gaishe ni. In kun ji na yi shiru, to sai ku yi salatin." Wata tsohuwa ta ce, "Malam, ina kwana a lahira?" Ya ce, "Lafiya lau, Iya, sai dai goron nan bai kai na Gumel ba." Baranda ta kaure da dariya, matan biyu suka mayar da 'ya'yansu kan gado.

Kafin la'asar Sale ya yi fitsari. Wanda bai yi jinyar yaro mai gudawa ba ba zai gane abin da ya sa nas uku suka tsaya suna murna a kan jiƙaƙƙen zanen gado ba. Alama ce ta cewa ruwan ya zauna a jiki. Malam Garba ya zo ya duba, bai sake maganar janye labule ba.

Bayan la'asar Ja'e ya sauka daga motar Maigatari. Dogo ne, da sandarsa, da wani ƙunshi a hammata. Saƙon da ya same shi a kasuwa shi ne yaron ya rasu, don haka ya bar shanun a hannun ɗan'uwansa, ya yanki farin yadi na likkafani, ya taho. Malam Garba ya tare shi a baranda ya gaya masa gaskiyar magana. Ja'e bai nemi ganin yaron ba. Shi ma ɗan farinsa ne, kuma ga mahaifiyarsa zaune. Ya dubi rufin baranda ya ce, "To, madalla." Ya tambayi lafiyar Malam Garba, ya tambayi zafi, ya juya zai tafi.

Sista ta ce, "Malam Ja'e, ƙa'idarmu ce uba ya duba mara lafiya kafin ya tafi. Mu muna da aiki a ɗaya gefen."

Ba mu da wannan ƙa'ida sai ranar. Inna ta miƙe ta ce alwala za ta yi. Hansatu ta ji muryar mijinta, ta ja mayafi ta fito ta wuce famfo. Ja'e ya jingine sandarsa ya shiga bayan labulen.

Labulen bai kai ƙasa ba. Daga inda nake ina ganin ƙafafunsa da takalmin taya. Suka tsaya a gefen gadon, suka daɗe ba su motsa ba. Can sai na ga gwiwoyinsa sun sauka ƙasa.

Da ya fito ya miƙa wa Malam Garba ƙunshin ya ce, "Malam, wannan ban san yadda zan yi da shi ba. Ba zan koma da shi gida ba." Malam Garba ya karɓa.

Sale ya warke. Ranar da aka sallame su Inna ce ta goya shi, Hansatu tana biye da ƙwarya da tabarma, ba ta ko kallon inda yake. Da ta zo wucewa ta kusa da ni sai ta kama hannuna ta matse, ta saki, ta wuce.

A darasin Larabar da ta biyo baya Sista ba ta buɗe abin da ta zo da shi daga Ingila ba. Ta ce mu tattauna labule. Ta ce, "Abin da na koyo daidai ne, uwa tana bukatar sutura. Abin da ban yi ba shi ne in tsaya in tambayi abin da labulen yake faɗa wa mutanen nan. Ku gaya mini yadda za a gyara." A nan muka yanke shawarar a bar labule ɗaya fari saboda ranar da ba makawa, ɗayan kuma a sauya masa launi. Ninkinsa ɗaya dama ya yage, sai aka ɗinka yadin Ja'e a wurin, aka kai duka marina aka rina su shuɗi. Malam Garba ya sa wa tayar mai. Ba a jima ba surukai da kansu suka fara cewa, "'Yar nan, kawo mana shuɗin nan, ni zan ɗan fita shan iska."

Bayan wasu shekaru Sista Rakiya ta ba da sunana, ni ma aka tura ni irin wannan kwas. A can aka ce kowa ya kawo wani abu daga asibitinsu wanda sauran za su ƙaru da shi. Labarin Sale na ba su. Wata nas daga wata ƙasa mai nisa ta same ni bayan an tashi, ta ce su ma suna da iyayen da ba sa iya kuka a gaban mutane, kuma ba ta taɓa tunanin ja musu labule ba.

Abin da wannan rana ta koya mini game da aikinmu shi ne, ilimin da aka ɗauko daga nesa yana da amfani, amma ba ya aiki sai wanda ya ɗauko shi ya yarda ya tambayi na ƙasa da shi abin da suka gani, ya kuma tsaya a gaban na sama da shi ya ce kuskuren nasa ne. Game da mutanenmu kuwa, ta koya mini kada in auna ƙaunar uwa da inda fuskarta take kallo. Na shugabanci ɗakuna da yawa bayan haka, kuma duk inda aka kai ni, kafin in nemi makullin kabad ɗin magani, nakan fara tambaya ko suna da labulen da ba fari ba.